Dariyar da Na Ɓoye Miki a Madafa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Salamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki kun sauka Madawa lafiya, ke da Lawali, gajiya kuma ta bi lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa ku iske mutanen gidan cikin alheri. Ki gaishe mini da surukarki Hajiya Kulu da kyau.

Yanzu ki koma ki sake duba sama. Ba kuskure na yi ba, sunanki ne na rubuta, baƙi bayan baƙi, da hannuna. Shekara ashirin da shida ina kiran ki "ke", wani lokaci "'yar nan", in mutane sun yi yawa ma sai dai in buga ƙwarya ki waiwayo. Yau na rubuta Salamatu, rufin ɗaki bai faɗo mini ba. Na karanta shi da ƙarfi ma, akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ce kawai ta ɗago kai ta ci gaba da tuƙarta.

Rubutun na yaƙi da jahilci ne, in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri. Na cusa takardar cikin buhun dabino da cuku don na san ba za ki kwance shi ba sai kun isa. Da a gabana za ki karanta, da kunya ta kama mu duka biyu, alhali kuwa kunyar ce na ɗaura ɗamarar yin faɗa da ita.

Ba labarin gari zan ba ki ba, kin san shi. Aiki ya tsaya, baban Lawali ya nufi Cibarakaten neman zinariya kamar sauran maza, ya ce ki je ki zauna wurin mahaifiyarsa har Allah ya buɗa. Wannan ba hurumina ba ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani ranar Juma'a, da mata suka zo yi miki sallama.

Ina sallar la'asar a gefen rumfa, kina ninke kaya, Lawali yana tsugune yana kallona. Da na yi sujada ta biyu sai na ji ya ce wa matan, "Kaka kullum tana neman abu a ƙasa, kuma ba ta samu. Ku taya ta mana." Matan suka kwashe da dariya, ni kuwa da ƙyar na kai sallar nan ƙarshe, Allah ya yafe mini. Da na sallame na dube shi. Bai kula da matan ba. Fuskarki yake nema. Ke kuma kin ɗaure ta tamau, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "Kai, tashi ka ba mutane wuri." Gabana ya faɗi, Salamatu, domin muryata na ji a bakinki, har yadda kika ja "wuri" ɗin nawa ne. Yaron ya tashi sumui sumui ya koma bayan randa.

Ga shi kuma za ki shiga gidan da za a yaba miki a kan wannan. Shi ya sa na ce ba zan bari ki fara zama a Madawa ba tare da na faɗa miki gaskiya ba.

A Damagaram abin da aka koya mana ke nan. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi magana ba a nuna an ji. Sai ka riƙe shi kamar ajiyar maƙwabta. Da aka kawo ni Arlit babu uwata, babu gwaggona, babu mai sa mini ido. Maimakon in saki jiki, sai na zama mai sa wa kaina ido fiye da yadda za su yi. Ba na so wata rana a koma gida a ce zaman bariki ya cire mini kunya. Garin nan kuwa kowa baƙo ne, na Maraɗi, na Tawa, na Katsina, kowace tana so ta nuna garinsu ya fi riƙon al'ada. A kanki na nuna nawa.

Kina da shekara uku muna gidajen kamfani, wancan mai ɗaki biyu da ke kallon famfo. A lokacin, da tsakar rana ake tayar da nakiya a ramin haƙar yuraniyom, ƙasa ta girgiza, kofuna su yi ta ƙara a kan kanta. Babanki kuwa, Allah ya jiƙansa, kin san jikinsa, mutum ne da sai ya juya gefe yake shiga ƙofar banɗaki. Ranar nan muna zaune da mata uku muna tsince shinkafa sai nakiya ta tashi, gum. Kika ajiye gwangwanin da kike wasa da shi, kika yi ajiyar zuciya irin ta tsofaffi, kika ce, "Baba ya sake faɗuwa." Ɗaya daga cikin matan har ta kifar da faifai. Ni na ce ki tashi ki ba mutane wuri. Sannan na miƙe kamar zan duba wuta, na shige madafa, na cusa gefen zane a bakina, na yi dariya har hawaye, har cikina ya ƙulle. Na fito da fuska a shanye na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Ke bayana kawai kika gani. Dariyar da aka yi a madafa ba ta isa wurin yaro, ko da ta kai ta fasa ciki. In Lawali ya faɗi abin da ya ba ki dariya, ki yi ta a inda kike, haƙoranki a waje, ya gani da idonsa. In kina tuƙa tuwo ki ajiye muciya ki yi.

Ban ce babu wanda ya gargaɗe ni ba. Kin tuna Gaishita, Buzuwar da muka haɗa bango da ita? Mijinta kullum fuskarsa a naɗe da rawani, ido kawai ake gani. Wata rana da hantsi yana shan shayi a ƙofar gida, kika je kika tsaya a gabansa, hannu a ƙugu, kina kallon yadda yake zura ɗan kofin ta ƙarƙashin amawali. Da kika gaji kika ce, "Kawu, kai ba ka da baki? To ta ina shayin yake wucewa?" Mutumin nan da ko 'yan'uwansa ba sa ganin bakinsa ya waiga hagu da dama, ya ɗan ja rawanin ƙasa, ya ce, "Ga shi, amma kar ki gaya wa kowa." Kika shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, kina cewa, "Inna, yana da shi, har da haƙora." Na ce miki "uhm", na ci gaba da shara.

Gaishita tana tsaye ta kan bango tana kallo. Da Hausarta irin tasu ta ce mini, "Uwan Salamatu, yarinyanka yana kawo maka magana da gudu, kai kana ba shi ƙeya. Mu in yaro ya faɗi abin dariya, har raƙumi muna gaya masa." Na ji haushi ƙwarai. Na ce mata kowa da irin tarbiyyar garinsu, na yi mako biyu ban leƙa gidanta ba. Ita ce mai gaskiya, ni kuma na tsaya ina raina Hausarta. In kin samu irin Gaishita a Madawa, ko 'yar aiki ce, ko mai tallan nono, ki riƙe ta, kar ki yi mata girman kan da na yi.

Kina da shekara huɗu muka je gida da damina. Kin san Arlit, sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, don haka ba ki san shi ba. Muna isa aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kika tsaya a bakin ƙofa, ido waje, kika ce, "Wa ya bar famfon sama a buɗe? Za a yi masa faɗa." Kakarki ta yi dariya har da tafi, ta ɗauke ki ta ɗora a cinya, ta aika a kira ƙannenta su zo su ji. Ita an yarda mata, kaka ce. Ni ina gefe ina wanke kwanoni kamar wadda aka ɗauko haya.

Da za mu dawo ta ce, kamar yadda aka saba, a bar mata ke ki yi shekara ɗaya ko biyu. Duk ɗakin aka zuba mini ido. Zuciyata tana kururuwa, amma bakina ya ce, "Ai taku ce, Inna, ku riƙe." Har an fara fitar da kayanki daga jaka. Sai kika je kika kwashe su kika mayar, kika zauna a kan jakar, kika ce, "Ni ba zan zauna ba, garinku yoyo yake yi." Aka yi dariya, aka lallashe ki, kika ƙi, kika yi ta ihu har kakarki ta ce a tafi da ke. A mota na yi ta hamdala a ɓoye. Yarinya 'yar shekara huɗu ce ta ƙwace kanta, uwarta tana tsaye ta yi kyauta da ita.

Wannan zai zo miki, ina gaya miki tun yanzu. Hajiya za ta ce Lawali ya koma ɗakinta, in kuma Allah ya sa za ku dawo ta ce a bar mata shi. Ya yi wasa da ita, ta kira shi mijinta, su yi ta tsokanar juna, wannan haƙƙinta ne, kar ki hana. Amma ranar da aka zo maganar rabuwa, ki buɗe bakinki ki ce, "Hajiya, ba zan iya ba." Kar ki jira yaro ya cece ki yadda kika cece ni, ba kowane yaro yake da taurin kanki ba.

Wanda zan faɗa yanzu na daɗe ina gudun sa. Ranar babbar Salla ce, kina da shekara biyar. Shef ɗin babanki, wanda ke rarraba musu aiki a rami, ya ce zai biyo ya yi mana barka da Salla. Kwana biyu ina gyaran gida. Ya zo da motarsa da matarsa, muka shimfiɗa musu sabuwar tabarma a ƙofar ɗaki, inda ake hango tulin ƙasar nan da aka tara a bayan gari har ta zama dutse. Kina sanye da sabuwar riga ruwan ɗorawa. Don ya ja ki da wasa ya ce, "'Yammata, kin san aikin babanki?"

Kika ce, "E. Yana kwaso ƙasa da babbar mota yana tarawa can." Kika nuna da yatsa.

Ya ce, "Madalla, yarinya mai kai."

Kika ce, "Kai ne ka sa shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni ne."

Kika ce, "To in kun gama wa zai share? Inna ta ce duk wanda ya zubar shi zai share."

A lokacin maganar ƙurar da ke tasowa daga tulin nan, wai tana sa ciwo, a raɗa ake yin ta, ma'aikaci ba ya so a ji ta daga gidansa. Shef ya yi 'yar dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Babanki ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Ni ban san lokacin da bayan hannuna ya sauka a bakinki ba. Leɓenki ya haɗu da haƙori, jini ya ɗiga a kan rigar. Ba ki yi kuka nan da nan ba. Kika dube ni kika ce, "Ai ke kika ce."

Daga ranar kika fara auna magana. In za ki yi, sai kin dubi hannuna tukuna. Kafin ki shiga lakwal, makarantar boko, surutun nan ya ragu, kafin ki kai aji uku ya ƙare. Mata suka riƙa cewa, "Salamatu akwai hankali, ba ta da kwaramniya." Ni kuma ina karɓar yabon ina murmushi, alhali na san da hannuna na yi shi.

To bari in faɗa da babbar murya, tunda yanzu babu aikin da za a kori kowa. Shef ya tafi tuntuni. Waɗanda suka sa shi su ma sun naɗe tabarmarsu. Tulin yana nan inda kika nuna, ina ganin sa duk safiya in na fito zubar da shara. Yau manyan mutane masu tabarau ne suke wannan tambayar a rediyo, ana ce musu masana. Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya a kan tabarmar nan, kuma shi na fasa wa baki. Ba na neman wa kaina uzuri. Tsoro ne ya sa ni, na sa masa suna tarbiyya.

Lawali zai ba ki kunya a gaban manya, wannan babu makawa. Zai tambayi liman me ya sa gemunsa kala biyu, zai gaya wa baƙuwa cewa kin ɓoye naman da ya fi kyau. In ya yi, ki tambayi kanki abu biyu kafin hannunki ya motsa: ƙarya ya yi, ko zagi? In ba ko ɗaya, ki ba baƙon haƙuri in ya so, amma hannunki ya zauna a cinyarki. Ban ce ki sangarta shi ba, kar ki je ki ce Inna ta ce a bar yaro ya hau kan mutane. In ya yi zagi ko ya raina babba, ki ja shi ɗaki ki gyara masa zama. Yaron da ya yi rashin kunya daban, yaron da ya faɗi abin da idonsa ya gani daban, kuma uwa ta san bambancin ko tana barci.

Kar ki ɗauka babanki ya fi ni. Shi ma a gida haka yake miki, in kin yi magana sai ya ƙara muryar rediyo. Ranar sadakar ukunsa, kina da shekara goma sha bakwai, direbobin da suka yi aiki tare suka shigo yi mana ta'aziyya. Wani dattijo mutumin Tawa ya dube ki ya ce, "Ke ta ɗiyag ga da ta ce, 'Wa ka sharewa?'" Sauran suka yi murmushi cikin hawaye. Kika waiwayo kina tambaya ta da ido. Na ce miki tsufa ne, da wata yake haɗa ki.

Ƙarya na yi miki. Bayan kin fita dattijon ya gaya mini cewa duk safiya, suna jiran motar da ke kai su rami, babanki sai ya ba su labarin abin da kika ce jiya. Har kwaikwayon muryarki yake yi, da wannan ƙaton jikin nasa. In ya zo bai kawo sabo ba sai su ce yau ba su karya ba. Direbobi, makanikai, masu gadi, duk sun san maganganunki, wasu har sun kai wa matansu. Ke kaɗai ce ba ki sani ba. Mu biyu muka zauna ɗaki ɗaya shekara da shekaru, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu iri ɗaya. Ya tafi bai gaya miki ba. Ni ba zan bi shi da nawa ba. Ki gaya wa baban Lawali wannan in ya kira, domin maza sun fi mu iya wannan wautar.

Na san gidan da za ki. Na ga Hajiya Kulu ranar sunan Lawali, lokacin da ta shigo ta iske kin rungume shi kina shinshina kansa. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, ba ki da kumya? Ɗan hwari a kai ma haka gaban mutane?" Kika yi maza kika ajiye shi kamar garwashi. Ina zaune a wurin, na gyaɗa kai, har na ce, "Ku faɗa mata, Hajiya." Ba muguwa ba ce, abin da aka yi mata ne take yi, kamar ni. Ki durƙusa ki gaishe ta safe da yamma, ki dafa abin da take so yadda take so, ki wanke mata kaya, kar ki ɗaga mata murya ko sau ɗaya. Amma a kan wannan abu guda kar ki gusa ko taku ɗaya. Ki kira ɗanki da sunansa a tsakar gida. Ki amsa masa in ya yi tambaya. Ki yi dariyarsa.

Za su ce 'yar Arlit ce, tashin bariki, ba a koya mata kunya ba. Ki ce, "Innata ce ta sa ni." Ki ɗora mini, wuyana zai ɗauka. In Hajiya tana son bayani ki ba ta lambata, na iya gaisuwa kuma na iya magana. Yayata Habi in ta ji za ta ce na fara ruɗewa, sai ta ce. Na tambayi malamin da ke mana karatu ranar Asabar ko akwai inda aka hana uwa yi wa ɗanta na fari dariya, ya ce shi dai bai gani ba a duk abin da ya karanta, har ya tambaye ni wa ya gaya mini haka. Na ce masa mata ne. Na yi biyayya ga wannan abu tun ina amarya har na yi furfura, babu wanda ya fi ni sanin abin da ke cikinsa. Ina da kunya, kuma ina alfahari da ita a inda take da amfani. A nan ban ga abin da ta tsinana mini ba.

Saura guda ɗaya, na bar shi ƙarshe don ya fi nauyi. Da aka haifi ƙanenki Habu kina da shekara shida, ragowar bakin naki bai gama mutuwa ba. Kika leƙa shi a cikin zane kika ce a mayar da shi likita a karɓo mana akuya. Shi Habu na biyu ne, babu doka a kansa. Da ya fara magana na saki duk abin da na tara. In ya ce "a", sai na zaga gida gida ina ba da labari. Wata rana da yamma, kina da shekara takwas, na gama ba mata labarin yadda Habu ya ce kaza ba ta da kirki don ba ta gaishe shi ba. Aka yi dariya aka watse. Kina tsugune a bakin famfo kina wanke kofunan shayi. Ba ki ɗago ba, kika ce a hankali, "Inna, ni da nake ƙarama ban taɓa faɗin abin dariya ba?"

Na ce, "Ki gama wankin nan ki kai tukunya ɗaki."

Ba ki sake tambaya ba. Ga amsarki yau.

Kin faɗa, Salamatu. Kin fi Habu nesa ba kusa ba, shi da kansa in ya ji ba zai yi musu ba. Ranar da wani nasara ya zo da na'ura yana neman gubar rami a jikin kayan ƙarfen da muka saya a kasuwa, kika ja zanena kika ce, "Wa ya wanke shi haka har ya koɗe?" kuma kika yi kwana uku kina gudun sabulu. Da na'urar ta yi ta kuka a kan babbar tukunyata kika ce yunwa take ji, a zuba mata. Kika tambayi mai raƙumi ko raƙuminsa fushi yake yi da mu, ko haka fuskarsa take. Kika ga hoton aurena kika yi kuka don ba a gayyace ki ba. Kika ce in kin girma za ki haife ni, ki riƙa kira na da sunana, ki ga ko zan ji daɗi. Babu ɗaya da ya faɗi ƙasa. Duk na ji, duk na riƙe, kuma a garin nan da babu ɗan'uwa babu inuwa, su ne suka riƙe ni.

Don haka in kin kira ni, kar ki ɓata lokaci da ya gida ya aiki. Ki gaya mini abin da Lawali ya ce, kuma ki faɗa yana tsaye kusa da ke yana ji.

Ki yafe mini. Wannan ma an ce uwa ba ta faɗa wa 'yarta, to na faɗa.

Allah ya tsare ki a gidan mutane, ya sanya ƙaunarki a zuciyar Hajiya, ya kare mijinki a cikin ramin da yake, ya dawo da shi lafiya. Allah ya raya Lawali, ya shirya shi, ya bar masa bakinsa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Innarki,
Zuwaira, daga Arlit